Jiragen Ƙashi na Norman Cross: Yadda Fursunonin Yaƙi Suka Mai da Ragowar Miya Sana'a

A cikin masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ruwa akwai wani irin jirgi da ake ambata da ladabi, kamar yadda maƙeri ke ambaton aikin kakansa. Fari ne sol, wani kuma ya ɗan yi ruwan madara saboda tsufa. Wani tsawonsa bai kai taƙi ba, wani ya wuce kamu biyu. Daga nesa sai ka rantse hauren giwa ne. In ka matso za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a jikin farin, 'yan mitsi-mitsin hanyoyin da jini ya bi lokacin da dabbar ke da rai, nan ne za ka gane ƙashi ne. Ƙashin sa da na tunkiya, wanda aka tsamo daga tukunyar miyar fursuna shekaru fiye da 200 da suka wuce.

Masu aikin galibinsu sojojin ruwan Faransa ne da Ingila ta kama a yaƙe-yaƙen da aka gwabza tsakanin 1793 da 1815. Jiragensu suna nan cikin gilashi a gidan tarihin teku na Greenwich, da makarantar sojan ruwan Amurka da ke Annapolis, da gidan tarihin teku na Hamburg, ana kuma sayar da su a gwanjo da kuɗi mai kauri. Abin mamakin shi ne, duk wanda ya san jirgi in ya tsaya a gabansu zai ce maka ba daidai suke ba. Jigajigan da ake ɗaura filafilai sun cika tsayi, igogin sun yi yawa, ga sunan jirgin Ingila a jikin gangar da ƙirarta ta Faransa ce. Mai ƙera samfuri na yau in ya kai irin wannan gasa, alƙalai ba za su daɗe a kansa ba. Ni kuwa ina ganin waɗannan kura-kuran ne suka fi komai ba da labarin mutanen, shi ya sa na zaɓi in bi sawun sansani ɗaya, Norman Cross, in ga yadda aka yi aka kai ga haka.

Garin katako a tsakiyar gonaki

Kafin wannan yaƙi, al'adar Turawa ita ce musayar fursunoni: kai da kai, muƙami da muƙami. Mutum ya yi 'yan watanni a hannun abokan gaba, a mai da shi gida. Bayan juyin juya halin Faransa tsarin ya fara tangal-tangal, a zamanin Napoliyon kuma, daga 1803, ya kusa tsayawa cik. Ingila na riƙe da Faransawa ninkin-ba-ninkin Ingilishin da ke hannun Faransa. Da aka zauna a garin Morlaix a 1810 don a daidaita, Faransa ta nemi a haɗa da 'yan Sifen da 'yan Fotugal da take riƙe da su cikin lissafi, aka tashi baram-baram. Tsakanin 1803 da 1814 an shigo da fursunoni sama da 100,000 Birtaniya. Wanda tsautsayi ya faɗa wa a farkon wannan zango, shekara goma sha ɗaya ya yi a tsare.

Hafsoshi ba su shiga wannan wahala ba. Sukan yi alkawarin ba za su gudu ba, a bar su su kama haya a ƙananan garuruwa. Talakawan soja su aka cusa a tsofaffin ganuwoyi irin Portchester, da lalatattun jiragen yaƙi da aka cire wa jigajigai aka girke a Chatham da Portsmouth da Plymouth. Da wuri ya cika, hukumar jigila ta rundunar ruwa, wadda fursunoni ke hannunta, ta sayi fili mai kusan kadada 16 a Norman Cross, kusa da Peterborough, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Landan ta nufi arewa. Wurin na da ruwan sha, abinci na iya isa cikin sauƙi, ga shi nesa da teku, wanda ya tsere sai ya sha tafiya. A Landan aka sassaƙa katakan ginin aka ɗauko su. Fursunonin farko sun iso a Afrilun 1797, kuma ana lissafa shi a matsayin sansani na farko da aka gina takanas don fursunonin yaƙi.

An raba filin gida huɗu, kowanne da dogayen ɗakuna huɗu na katako masu hawa biyu, kowane gini an tsara shi don mutum 500. Ba gado. Shimfiɗar tsumma ake ratayewa irin ta cikin jirgi, wata bisa wata. A tsakiya akwai hasumiya mai kusurwa takwas da bakunan igogi suna kallon kowane ɓangare. Yawanci mutanen ciki sukan kai 5,500. Kayan da ake raba musu ruwan ɗorawa ne, don ko mutum ya haura katanga a hango shi daga nesa.

Abinci kuwa burodi ne, da rabin fam na naman sa a yawancin ranaku, da ɗan ganye, sai kifi sau biyu a mako. Ka lissafa rabin fam sau mutum dubu biyar, kullum. Ƙashin da ke fita daga madafar nan ba kaɗan ba ne.

Aikin da idonsa

Ba kowa ya shigo da hannun banza ba. Tilasta shiga soja a Faransa ta kwaso kafintoci da maƙeran zinariya da masu gyaran agogo. Akwai kuma mutanen Dieppe, garin bakin teku a Normandi da ya yi ƙarnuka yana sassaƙa hauren giwar da jirage ke kawowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Su kansu matuƙan gaɓar Faransa sun gaji ƙera ɗan jirgi su rataye a coci don godiya in sun tsira daga hadari. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: da babu haure, sai aka koma ƙashi.

Da farko a sake dafa ƙashin har maiƙon ya fita, domin in ya rage, nan gaba zai tsattsafo ya ɓata farin. A kankare, a shanya ya yi haske. Ƙashin ƙwaurin sa ya fi daraja, don shi ne miƙaƙƙe mai kauri. Haƙarƙari kuma yana zuwa da lanƙwasarsa. Gangar jirgin ba ƙashi zalla ba ce, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Itace ake sassaƙawa a fitar da siffa, sannan a yanka ƙashi siriri-siriri a lulluɓe shi, falle bayan falle, kamar yadda ake jera katakai a jirgin gaske.

A nan wahalar take. Katako in ka turara shi da ruwan zafi zai bi ka duk inda ka lanƙwasa shi. Ƙashi ba ya jin wannan lallashi, ka matsa masa ya karye. Saboda haka fallayen gajeru ne, kowanne sai an goge cikinsa ya kwanta daidai a kan itacen. Ba a kuma buga masa ƙusa kai tsaye, tsagewa zai yi. Sai an huda rami da tsinin allura ko ƙusar da aka wasa, a yanko ɗan guntun wayar tagulla a cusa, a goge kansa ya yi daidai da farin. Falle ɗaya ƙusa biyu ko huɗu, jirgi ɗaya fallaye ɗaruruwa. Layukan ɗige-ɗige masu ruwan zinariya da ake gani a jikin jiragen, kowane ɗigo rami ne da wani ya huda da hannu, a ɗakin da mutum ɗari biyar ke numfashi a ciki. Baƙin ratsin da ke zagaye gangar kuma yawanci da ƙaho ake yinsa, ko da wani abu mai kama da ƙaho da ake cirowa daga bakin ƙatuwar dabbar nan ta teku, wel.

Sai igiyoyi, inda nan ne mai wannan sha'awa, jiya da yau, yake sanin ko yana da haƙuri. A ɗauki HMS Victory, jirgin Nelson, kwamandan rundunar ruwan Ingila a yaƙin Trafalgar na 1805 da aka gwabza da Faransa da Sifen, mai igwa 104. Gangarsa ta kai mita 69, igiyoyinsa in an miƙe su sun kai mil 26, kusan kilomita 42, suna ratsa kura 768, wato 'yan gare-garen da igiya ke bi ta kansu. In ka rage shi sau ɗari, wato ma'aunin 1:100 da masu ƙira ke yawan amfani da shi yanzu, gangar ta koma santimita 69, mutum ya koma ƙasa da santimita biyu, igiya mai kaurin santimita biyu ta koma kamar silin gashi biyu ko uku a haɗe. Kuma duk da ragin, zaren da za ka ɗaura ya kai mita 420. Jiragen fursunoni da yawa sun fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Da zaren siliki da na lilin suka yi, wani lokaci da gashin doki ko na mutum, kurar kuma ƙwayar ƙashi ce da ba ta kai ƙwayar dawa ba, an huda ta an zura zare.

Wasu har da wasa suka haɗa. Akwai jiragen da zare ke leƙowa ta bayansu, in ka ja, duk igogin su shige ciki, in ka saki su sake turo baki. Ƙananan kuma akan sa su cikin akwati da aka yi wa ado da rinannen karan alkama, a jera madubai a baya don mai kallo ya ga ɗaya gefen ba tare da ya taɓa ba.

Aiki irin wannan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya-ƙungiya suke yi: wannan ganga, wancan igogi, wani sassaƙar ado, tsohon matuƙi kuma ya ɗaura igiyoyi.

Kasuwar bakin ƙofa

Akwai labarin da dillalan kayan tarihi ke son bayarwa, cewa da ƙusa da fasasshen gilashi kawai aka yi komai. Da farko ƙila haka ne, don an wasa ƙusoshi da guntayen ƙarfen ganga an mai da su kurfi da wuƙa. Amma hukuma ta yarda a riƙa cin kasuwa a bakin ƙofar sansanin. Mutanen ƙauyukan kewaye da matafiya kan babbar hanya suna zuwa, su sayar da taba da kayan marmari, su sayi aikin hannu. Inda kuɗi ke shiga kuwa, kayan aiki ma na shiga: magagari, waya, siliki, rini, katako mai kyau, har da haure. Wanda ya ga igwar tagulla da aka gurza ta yi sumul ya san ba da ƙusa aka yi ta ba. Wannan bai rage musu komai ba a wurina. Ya dai nuna cewa masana'anta ce sosai, da jari da dillalai da masu sari.

Ba jirage kaɗai ake sayarwa ba, hasali ma su ne 'yan kaɗan, don sun fi cin lokaci. Gidan tarihin Peterborough na da ɗaruruwan kayan da suka fito daga wannan sansani: akwatunan domino, akwatunan ɗinki, 'yan tsana mata masu kaɗi da ke motsi in an juya hannu, da ƙananan injinan sare kai irin na juyin juya hali, waɗanda wuƙarsu ke faɗowa da gaske kan ɗan mutum-mutumin ya gangara. Ingilishi na son ganin abin da ke ba su tsoro game da Faransa, Bafaranshe kuma ya sassaƙa musu shi ya karɓi kuɗinsa.

Daga nan ne za a fahimci kura-kuran jiragen. Kashi na farko na ƙwaƙwalwa ne. Ba su da zane ko ɗaya a gabansu. A Ingila tun ƙarni na 17 akwai samfuran da ake yi wa hukumar sojan ruwa a ma'aunin 1:48, rubu'in inci a madadin ƙafa guda, kuma masu yin su na da ma'aunan jirgin a hannu. Fursuna kuwa abin da idonsa da tafin hannunsa suka riƙe kawai yake da shi. Matuƙi ya san igiyoyi kamar yunwar cikinsa, ya ja su cikin duhu da ruwan sama, ya san inda kowacce ta fito da inda aka ɗaure ta, shi ya sa wannan ɓangare kan fito da kyau ƙwarai. Amma cikin jirgin da ke ƙarƙashin ruwa, sau nawa ya taɓa ganinsa? Sai gangar ta fito a matse, ko ta cika zurfi. Jigo kuma, wanda ya saba tsayawa a gindinsa ya ɗaga kai, ko ya hau can ƙoli jirgi na tangaɗi, dole ya tuna shi da tsayin da ya fi na gaskiya. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya san wannan: fitila da ƙaho da eriya su ake zuzutawa, don su ne suka cika ido, ba wanda ke tuna ƙarƙashin mota.

Kashi na biyu kuwa da gangan ne. Mai saye Ba'ingilishe ne, kuma ba zai kai jirgin abokan gaba ya ɗora a kan teburin falonsa ba. Sai a ƙera jirgin da aka sani, mai ƙirar Faransa da adon Faransa, sau da yawa da mutum-mutumin jarumin Rumawa a goshinsa, a liƙa masa tutar Ingila, a rubuta sunan wani sanannen jirginsu a baya. Igwa kuwa a ƙara, don mai saye ƙirgawa yake yi. Manyan jiragen Faransa masu hawa uku na lokacin igwa 118 suke ɗauka, mafi yawan jiragen yaƙinsu kuma 74, amma a kan teburin ciniki ba mai hana a jera fiye da abin da jirgin gaske zai iya ɗauka bai kife ba. Ina yawan tunanin mutumin da aka kama a Trafalgar, yana zaune yana rubuta sunan jirgin da ya yi musu luguden wuta da bakin allura, harafi bayan harafi, saboda wannan sunan ne ke tafiya a kasuwa.

Waɗanda ba su sassaƙa komai ba

Kada kyan jiragen ya rufe ido. Masu sana'a tsiraru ne, su ne suka ci suka sha, wasunsu suka koma gida da guzuri mai nauyi. A ƙasan su akwai waɗanda caca ta cinye. Mutum ya sayar da rigarsa, ya sayar da shimfiɗarsa, ya sayar da rabon abincinsa na kwanaki masu zuwa, ya koma yawo tsirara cikin sanyin Ingila yana tsintar ɓawo. 'Yan uwansu na kiran su da sunan da ke nufin matsiyata. Annobar zazzaɓi ta 1800 zuwa 1801 ta kashe sama da mutum 1,000, jimillar waɗanda suka mutu a sansanin kuma 1,770.

Ita ma hukuma ba son fasaha ne ya sa ta ƙyale jiragen ba. Fursunonin sun iya saƙar karan alkama da ake ɗinka malafa da ita, kuma tasu ta fi ta gida kyau da araha. Wannan saƙa ita ce abincin mata da yara a yankunan da ke kusa, gwamnati kuma na da haraji a harkar. Sai aka haramta, sojoji suka riƙa kutsawa ɗakuna suna kwashewa suna ƙonawa, fasa-ƙwauri kuma ya ci gaba, har da hannun masu gadin. Wasu masu hannu da kyau sun karkata ga buga jabun takardun kuɗi, laifin da hukuncinsa rataya ne a lokacin. Jirgin ƙashi ya tsira ne saboda bai taɓa tuwon kowa ba.

Abin da ya iso hannunmu

Bayan yarjejeniyar Faris ta 1814 aka sallami mutanen, a 1816 aka rushe gine-ginen aka yi gwanjon katakan. Jiragen suka watsu a gidaje. Kaɗan ne ƙwarai ke ɗauke da sunan wanda ya yi su, kuma yawancinsu ba a iya cewa daga Norman Cross suka fito ko daga kurkukun Dartmoor, wanda aka buɗe a 1809, ko daga cikin ruɓaɓɓun jiragen Chatham. Wasu ma bayan yaƙin aka yi su, don masu sassaƙar Dieppe sun ci gaba da sana'arsu a gida. Saboda haka in dillali ya ce maka aikin fursuna ne, sau da yawa salo yake nufi.

Mai gyaran irin wannan jirgi a yau yana fama da abu uku da ba sa jituwa. Itacen ciki na kumbura yana motsewa da sauyin laima, ƙashin da ke kansa ba ya bin sa daidai, sai falle ya ɗago ko ya tsage. Ƙusoshin tagulla na yin tsatsa kore su rina farin. Silikin kuwa shekara 200 ta mai da shi kamar toka, ka hura ya tsinke, shi ya sa igiyoyin da ke kan jirage da yawa ba na asali ba ne. Tun da dokar hana cinikin hauren giwa ta Birtaniya ta fara aiki a 2022, sai an kuma duba da madubin ƙara girma a tabbatar: ƙashi na da ɗige-ɗigen nan, haure kuwa layuka ne masu gicciye da juna kamar saƙa.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta gyaran kuskure. Mai gyara ya ƙware, yana da littattafan da fursunan bai taɓa gani ba, ya ga jigo ya zarce ƙa'ida, hannunsa na ƙaiƙayi. An yi masu ragewa, an yi masu sake ɗaura igiyoyi bisa tsarin Ingila don su dace da sunan da ke baya. Ni dai ina tare da masu cewa a mai da kowane zare inda aka same shi. Mai son Victory na gaskiya, ga shi can a busasshiyar tashar Portsmouth tun 1922, ya je da ma'auninsa. Wanda ya rage jigon jirgin ƙashi ya goge tsayin da wani matuƙi ya gani da idonsa.

Norman Cross yanzu fili ne, ciyawa da 'yan kwaruruka inda ramin ganuwa yake, sai 'yan gine-gine kaɗan da suka rage a tsaye, ciki har da gidan shugaban sansanin. A 1914 an kafa ginshiƙi da gaggafar tagulla a kai don tunawa da mutum 1,770 ɗin nan. Ɓarayi suka sace gaggafar a 1990, aka ɗora wata a 2005. Da masu haƙar kayan tarihi suka tona wurin a 2009 sun tarar da kaburbura, da maɓallan riguna, da guntayen ƙashi masu sawun zarto a jiki, ragowar da aka yanke aka yar a ƙasa.